Kujerar Baya ta Dama

"Ba zan ja ba, Baba Jethro."

Na faɗi haka hannuna yana kan makulli, na murɗa shi baya, injin ya yi shiru. Safiyar Lahadin godiyar kaka ce. Mama tana tsaye a bakin gareji da kwandon doyar da za a kai gaban bagade, ni kuma ina bayan sitiyarin Marsandin mahaifina. Ta madubi nake kallon ƙanensa, wanda ya riga ya buɗe ƙofar baya ta dama, ya baje babbar rigarsa a kan kujerar, ya ce in ja mu tafi kada a fara waƙar buɗewa ba mu isa ba.

Ya tambaya ko motar ce ta samu matsala. Na ce lafiyarta ƙalau. Na roƙe shi, da iyakar ladabin da na iya tattarowa, ya dawo gaba kusa da ni, ko ya matsa hagu bayan kujerata. Ya ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, a nan ne kaɗai yake iya miƙe ƙafa. Na ce kujerar gaba tana ja da baya har mutum ya kishingiɗa in yana so, zan ja masa ita da hannuna.

"Damaris," ya ce, "digirin da kika yi a Zariya na koya wa manya wurin zama ne?"

"Kujerar Baba ce. Kuma Baba yana ɗaki, yana numfashi."

Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san abin da wannan kusurwa take nufi. Ona-kona ake ce mata. Mai mota ne yake zama a baya ta hannun dama, nesa da direba, wajen da mai gadi zai rugo ya buɗe masa ƙofa. Aboki yana zama a gaba. Baƙo yana zama bayan direba. Wanda kuwa ya zauna a can dama wani yana tuƙa shi, ya gaya wa duniya motar wa ce ba tare da ya buɗe baki ba. Ranar godiya duk danginmu da ke cikin Kaduna sukan cika harabar cocinmu. Da na tsaya a gabansu Baba Jethro ya sauko ta wannan ƙofa, 'yar mai motar ce direbarsa, to kafin a yi addu'ar rufewa kowa ya san gidan Shekari, gidan ubana, ya yi sabon mai gida.

Ya sauko a hankali, ya karkaɗe rigarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya daidai tagata ya tuna mini cewa mutanen Sunday, saurayin da zan aura, suna nan zuwa tambaya, kuma yayansa ba ya iya magana.

"Sai mu ga wanda zai zauna miki a matsayin uba," ya ce.

Ya fita titi ya tari keke napep. Mama ta ajiye kwandon a ƙasa ta ce ita ma a keke za ta tafi, ba za ta shiga motar da aka kori dattijo daga cikinta ba. Ni kaɗai na tuƙa Marsandi zuwa coci ran nan, da doya a bayan mota.

Motar ta girme ni. Baba ya saye ta ne daga hannun wani Bature da ya yi aiki a masaƙa a Kakuri, lokacin da zai koma ƙasarsu. Launin ruwan madara ce, doguwa, mai faɗin ƙirji, da ɗan tauraronta a tsaye a kan hanci. Kujerunta na fata ne, ja mai duhu, gabanta kuma katako ne na gaske wanda Baba yake gogewa da kansa. Ƙofarta in ka rufe ba ta ƙara irin ta gwangwanin motocin yanzu, sai ka ji wani tim mai nauyi, daga nan hayaniyar Barnawa ta koma can nesa. A kan ramukan titi tana lilo ne kamar kwale-kwale a ruwa kwance. Fetur kam tana sha, ban taɓa musun wannan ba.

Baba ma'aikacin gwamnati ne, bai kai matsayin da ake ba mutum direba ba. Daga albashinsa ya ɗauki Malam Hamza, wani dattijon Tudun Wada, don kawai ya zauna a baya. Mama ta yi ta yi masa tsiya a kan haka, tana cewa mutumin da ya iya tuƙi yana biyan wani ya riƙe masa sitiyari. Shi kuwa ya ce ya yi shekaru yana tafiya a ƙafa daga ƙauye zuwa makaranta, yanzu yana so ya zauna ya kalli gari yana wucewa. Da Malam Hamza ya tsufa ya koma garinsu, Baba ya dube ni, don ni kaɗai Allah ya ba shi. Daga can baya ya koya mini tuƙi, bai taɓa dawowa gaba ba. In na taka birki har hularsa ta motsa, sai ya yi gyaran murya. In na shiga kwana har jaridarsa ta karkata, sai ya ninke ta ya jira. Ranar da na kai shi Sabon Tasha na dawo da shi bai ɗaga ido daga jaridar ba, da muka iso gida ya ce wa Mama ya samu direba.

Ina son tuƙa ta, ba zan ɓoye ba. Sitiyarin yana da faɗi kamar faifai, kuma ba ta son a yi mata gaggawa. Masu keke da ba sa kauce wa kowa sukan kauce mata. Alhazai masu sababbin jif sukan sauke gilashi a wurin danja su tambaya ko ta sayarwa ce, in sun ga mace ce a gaba sai su sake kallo. Nakan gyaɗa musu kai kawai in wuce.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, ya tafi da hannunsa na dama da ƙafarsa da bakinsa. Tun daga lokacin nakan fitar da shi yawo kowace Lahadi da yamma. Na koyi yadda ake ɗaga babban mutum daga keken guragu a juya shi a zaunar da shi ba tare da an karya baya ba. Nakan sa masa hula, in miƙa masa jarida ko da ba ya iya karantawa, mu zagaya gari. A cikin mako duka, a wannan kujera ce kaɗai yake kama da kansa.

Baba Jethro kuma tun daga lokacin ya yawaita zuwa. Da, daga Kirsimeti sai Kirsimeti muke ganinsa. Yanzu ba ya mako bai taso daga Mahuta ba. Da farko a kan dogon benci yake zama a falo. Wata rana na dawo daga makarantar da nake koyarwa na tarar da shi a kujerar Baba mai hannu, rimot a cinyarsa. Bayan haka shi ya fara yin addu'ar cin abinci. Shi yake amsa gaisuwar masu zuwa dubiya, yana ce musu mun gode, kamar gidan nasa ne. Na taɓa ganinsa ta taga yana zagaya motar a gareji, yana shafa ta da tafin hannu. Ya ɗinko sabuwar babbar riga, launinta ruwan madara. Na gaya wa Mama, ta ce in ji tsoron Allah, yadi ne kawai, kuma wa ya zo ya kwana da mu a asibiti in ba shi ba?

Gaskiya ne, ya kwana. Amma ni na lura da gwiwar. Wani lokaci ta dama yake murzawa, wani lokaci na rantse ta hagu ce. Na taɓa hango shi yana tsallaka titi a kasuwar Barnawa, mota ta taho, ya yi sauri kamar saurayi. Da na faɗa wa Mama ta ce ko gurgu ma in ya ga mota zai yi sauri.

Kwanaki kaɗan bayan abin da ya faru ranar godiya na kai motar Makera wurin Malam Auwal, makanikin da yake duba ta tun zamanin Malam Hamza. Yana ƙarƙashinta yana sauya mai ya ce mini, kamar ba da wata manufa ba, ƙanen Baba ya biyo ta wurinsa kwanan baya. Wai ya tambaya ko motar za ta iya hanyar ƙauyenmu lokacin Kirsimeti, ko kuma ya san wani direba mai hankali.

"Me ka ce masa?"

"Na ce masa motar tana da direba, Malama. Mai faɗa ma kuwa."

Na yi dariya don ya ji daɗi. A hanyar gida sai na fara tambayar kaina abin da ya sa ya gaya mini. Malam Auwal yana da wani Alhaji da ya daɗe yana aiko shi a kan motar nan. In rigima ta yi zafi a gidanmu, wa ya san ko Mama za ta gaji ta ce a sayar kowa ya huta? Haka na koma a wannan lokacin. Duk wanda ya yaba motar sai in duba hannunsa.

Sunday ma bai tsira ba. A ƙungiyar mawaƙan coci muka haɗu, yana aikin awon jini a wani asibiti, mutum ne mai sanyi da son wasa. Hajiya Babba yake kiran motar, in ya zo gidanmu sai ya fara leƙa gareji ya gaishe ta kafin ya gaishe ni. Da labarin ya kai masa ya yi ƙoƙarin mai da shi abin dariya. Ya ce kujera fa fata ce da soso, ba ta san wanda ya zauna a kanta ba, in na bar tsohon ya ɗana sau ɗaya ai ba za ta narke ba. Na ce a wannan kusurwa babu sau ɗaya. Ya ce to ko don mu. Na tambaye shi, tunda yaushe ya fara magana da bakin Baba Jethro?

Ya kawar da kai ya sauya zance. Daga baya matar Baba Jethro, Anti Scholastica, ta tare ni bayan sujada tana murmushi, ta ce saurayin nan nawa yaron kirki ne, ya san darajar manya, har Mahuta ya je da katan ɗin lemo. Sunday bai gaya mini ya je ba. Da na tambaye shi ya ce ya je ne ya yi mana gyara, ya ɓoye mini don ya san halina. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma an yi masa alkawarin cewa bayan biki shi zai riƙe makulli, ya riƙa tuƙa Baba Jethro. Ban tambaye shi wannan ba, amma ya gani a fuskata, don ran nan bai leƙa gareji ba da zai tafi.

Aka sa ranar tambaya, wata Asabar. A al'adarmu mutanen miji ba sa magana da uwa, ba sa magana da yarinya. Uba ne zai tarbe su, ya ji abin da ya kawo su, ya amsa. In uba ba ya iyawa, sai ɗan'uwansa na jini. Baba Jethro ne kaɗai ya rage wa Baba, sauran dangi kuma ba wanda zai tsallake shi ya zauna. Mama ta je Mahuta ta ba shi haƙuri. Ta dawo da saƙo: zai zo, amma in je in ɗauko shi a Marsandi, ya zauna inda babba yake zama. In kuma girman kai ba zai bar ni in tuƙa shi ba, in ba Sunday makulli ya zo.

Mama ta zauna a bakin gadona ta yi magana mai tsawo. Ta ce ta gaji, ta ce ita ma matar mai motar ce kuma ta yafe kujerar. Ta ce ubana ba ya ma sanin wanda ya zauna a ina. Ta ce aure nake shirin zubarwa saboda ƙarfe.

"Mama, in ya zauna ran nan a gaban surukai, wa zai tashe shi?"

"Ki bari a yi auren tukuna. Sauran sai mu gani."

"Haka kika ce a kan kujerar falo."

Ta tashi ta fita.

Lahadin da ta rage kafin ranar na fitar da Baba kamar kullum. Damina ta daɗe ba ta ɗauke ba a shekarar, kogin Kaduna ya cika ya yi ja. Da muka hau gada na rage gudu, na daidaita madubi yadda zan ga fuskarsa, na gaya masa komai. Na gaya masa abin da ƙanensa yake nema, da abin da zai faru in na ƙi. Na ce in yana so in bari, ya ɗaga mini hannunsa mai lafiya, zan bari, ba zan sake magana ba. Baba yana kallon ruwa. Hannun yana kan jarida bai motsa ba. Na jira har muka sauka daga gadar, na zagaya na sake hawowa, na sake tambaya. Ya ɗaga hannun ya gyara hularsa, ya mayar da shi kan jarida. Ban san ko ya ji ba. Ban san ko ya ji ya bar mini ne ba. Na dawo da shi gida na wanke masa ƙafa, shawarar tana nan a kaina ni kaɗai.

Ranar Asabar da safe, matan coci suna bayan gida suna tuƙa tuwo, na shiga ɗakin Baba na yi masa wanka, na sa masa farar babbar rigarsa da jar hula. Mama ta shigo ta ga na tura keken wajen gareji, nan take ta gane.

"Kada ki fita da mutumin nan, Damaris."

Na ce an ce in ɗauko Baba Jethro a Marsandi, kuma zan ɗauko shi. Motar da mai ita za su je tare. Ta ƙi kama mini, ta tsaya ta harɗe hannu. Ni kaɗai na ɗaga shi na zaunar da shi a kusurwarsa, na ɗaura masa bel.

Hanyar Mahuta ta fi yawon da muka saba nisa, ga manyan tankokin mai, ga rana ta fito da zafi bayan ruwan jiya. Na'urar sanyaya motar ta daɗe da rauni. Na sauke gilashi kaɗan, ina tafe ina duba shi ta madubi. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

Da na karya kwanar layin su Baba Jethro na ga mutane a waje. Anti Scholastica da ɗaurin ɗankwalinta, maƙwabta a bakin ƙofofinsu, mai shagon kusa ya fito ya tsaya. An gaya musu ke nan. Mutumin da ciwon gwiwa ne kawai damuwarsa ba ya tara 'yan kallo. Baba Jethro ya fito cikin rigar ruwan madara, ya nufo ƙofar baya ta dama kai tsaye, ya kama hannun ƙofar. Sai ya ga yayansa ta gilashi.

Na fito da sauri, na durƙusa na gaishe shi, na zagaya na buɗe masa ƙofar hagu na riƙe.

Bai dube ni ba. Ya buɗe ƙofar dama, ya sunkuya ya ce, "Yaya, ina kwana." Baba ya juyo da ido a hankali. Yawu ya ɗan zubo masa ta gefen baki, kamar yadda yake yi in ya gaji. Baba Jethro ya kama hannun sabuwar rigarsa ya share masa, ya cire masa hula ya fifita shi da ita, ya mayar masa. Ya daɗe a sunkuye. Na tsaya riƙe da ƙofa ina kallo, ina neman inda wasan kwaikwayon yake, ban same shi ba, ban kuma yarda babu shi ba.

Ya miƙe ya rufe ƙofar a hankali, ya zagayo inda nake. Ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda maƙwabta ba za su ji ba.

"Kin ɗauko maras lafiya a wannan rana, a wannan hanya, don ki kunyata ni a layina."

"Yayanka ne ya zo ɗaukarka da motarsa, Baba. Ga wuri kusa da shi."

"Ki mayar da shi gida. Yana jin zafi."

Ya juya ya koma ciki. Na bi ƙafarsa da ido. Yana ɗingishi da ta dama, sosai, fiye da yadda na taɓa gani. Anti Scholastica ta ce mini wata magana a kan 'yan boko da ba su da tarbiyya, ta bi shi ta rufe ƙofa.

Da muka iso Barnawa mutanen Sunday sun riga sun cika falo, kayan da suka kawo suna jere a gefen bango. Na turo Baba a kekensa na ajiye shi a tsakiyarsu. Suka gaishe shi da girmamawa. Aka yi ta jira. Mama ta aika, ta kira waya, ba a ɗauka ba. Da rana ta karkata babban kawun Sunday ya sha ruwa, ya ce sun ga mai gida kuma sun gode wa Allah da ya bar shi da rai, amma sun zo da tambaya ne, tambaya kuma tana son mai amsawa. Ya ce za su dawo in gidan ya zama baki ɗaya. Ba su taɓa tuwon ba. Suka kwashe kayansu suka mayar cikin bas. Sunday ne ya fita a ƙarshe, ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, sai kawunsa ya kira shi.

Baba ya yi zazzaɓi bayan wannan fita, ya kwana biyu ba ya cin abinci. Mama ta yi ta jinyarsa, ba ta ɗora mini laifi ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Sunday ya yi ta zuwa bayan haka. Ya daina wasa. Ya ce danginsa ba za su sake takowa ba sai Baba Jethro ya aika da bakinsa, shi kuma ba zai iya auren da babu iyaye a ciki ba, ba haka aka haife shi ba. Fasto ya kira ni ofishinsa ya yi mini wa'azi a kan tawali'u. Na saurara har ya gama, na tambaye shi ko zai yarda mataimakinsa ya zauna a kujerarsa ta bagade ranar da mura ta kama shi. Ya ce ba ɗaya ba ne. Na tuna shi ma ya taɓa tambayata ko za a iya samun motar ranar bikin 'yarsa.

Saboda Mama na sake zuwa Mahuta, a keke wannan karon. Na durƙusa a gaban Baba Jethro na gaishe shi, na ce na zo neman sulhu. Ya ce shi ba ya riƙe da kowa. Ya ce abu ɗaya ne, kuma bai canja ba: Lahadi mai zuwa in zo in kai shi coci, ya zauna inda ya ce, mutanen da suka ga an kore shi su ga an dawo da shi. Daga nan zai aika wa mutanen Sunday da kansa. Ya ce ba motar yake so ba, me zai yi da motar da ta fi shi cin abinci?

Na dube shi da kyau. Fuskar Baba ce da shi, har yadda yake ɗaga gira. Na ce zan kai shi duk inda yake so, kowace rana, a gaba ko a hagu, in buɗe masa ƙofa da hannuna a gaban kowa. Amma wannan kujera tana da mai ita.

"To ki gaishe da uwarki," ya ce.

Kafin Kirsimeti aka yi wa Baba Jethro aiki a gwiwa, ta dama. Mama ce ta gaya mini, tana yankan kuɓewa, ba ta ɗago ba. Ta jira in ce wani abu. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Mutum yana iya ciwon gwiwa kuma yana son kujerar yayansa, ɗaya ba ya hana ɗaya. Har yanzu ban san wanne ne ya fi yawa a ransa ba, kuma babu wanda zan tambaya in yarda da amsarsa.

Sunday ya jira iyakar yadda danginsa suka bar shi. Bayan Ista suka kai tambaya wani gida a Narayi, aka amsa musu a ranar. Na bar ƙungiyar mawaƙa don kada in tsaya ina rera waƙa a bikinsa.

Kujerar tana hannun mai ita har yau, ba wanda ya zauna a kanta sai shi. A kanta na rasa Sunday. Dangin ubana sun daina zuwa gidanmu, ko dubiya ba sa yi, don haka ɗaga Baba da wankansa da kai shi asibiti duk sun dawo kaina. Uwata ba ta hira da ni sai a kan magani da cefane. Na haura talatin, kuma babu wanda zai kawo tambaya gidan da aka san babu mai amsawa.